Shekarar da Na Fitar da Inna Daga Takaba

Shekarar da aka canza takardun kuɗi, lokacin da magidanci zai wuni a layin banki ya koma gida aljihu wayam, a shekarar ce Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ya cika da hantsi a gidanmu na Ƙofar Marusa, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar, kuma tun ba a share makoki ba Inna ta shiga takaba. Abin da ya biyo baya shi nake so in rubuta maku, ku 'ya'yana, tunda yanzu ajin yaƙi da jahilci ya sa ina iya riƙe biro, ko da a hankali ne. Na san abin da kuke ji a gidajen biki da na suna. Na san ana nuna ku da baki ana cewa ga 'ya'yan mutumin da ya ɓata wa uwarsa takaba. Na daɗe ina yin shiru, amma shirun nawa ku yake ci. Don haka ku ji daga bakin wanda ya ɗauke ta da hannunsa.

Inna ta daɗe da ciwon suga. Sana'ata wankin hula, kuma ba sana'ar da za ta ɗauki ciwo irin wannan ba ce. Shi ya sa da aka zo unguwa ana shelar inshorar lafiya, wadda mutum zai biya sau ɗaya a shekara a ba shi kati, na sa sunanta kafin nawa. Ba zan yi butulci ba, katin ya yi mana rana. Duk wata nakan kai ta asibiti, ta dangwala babban yatsanta a kan wata 'yar na'ura a tagar karɓar kati, mu shiga wajen likita, mu karɓi magani mu dawo. Likitar mace ce, 'yar siririya mai gilashi, sun saba da Inna har suna tsokanar juna. Inna kan ce mata kin hana ni fura da suga amma ke ga ki nan kamar a hure ki ki faɗi, ita kuma ta ce ai shi ya sa take neman wadda za ta riƙa dama mata.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ta sa Inna takaba, ta kuma kwaso kayanta daga Kambarawa ta tare a ɗakin don ta tsare ta. Ba zaginta nake ba, gwaggona ce har gobe, amma ita ta yi takaba sau biyu, ta ɗauki abin kamar aikin da aka naɗa ta a kai. Ba kitso, ba kwalli, ba turare, ba ɗaga murya. Ga 'yar wuƙa a hannu duk inda za a je cikin gida. Ba a taka ƙasa babu takalmi. Ba a ƙetare zaure sai an cika wata huɗu da kwana goma. Ta zo da takalmin roba sabo mai rufaffen baki, ya yi wa Inna kaɗan. Inna ta sa shi haka nan, ga shi ƙafar mai suga ba ta cika jin ciwo da wuri ba.

Ni ɗan fari ne, kun kuwa san yadda matan zamaninsu suke da ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce da uwarku Hadiza, ki ce da mai gidanki ya zo. Kullum da safe nakan durƙusa a bakin labule in gaishe ta, ta amsa lafiya lau daga ciki, in tashi. Hadiza ce ta gani, wata Juma'a da ta kai mata ruwan wanka. Ta same ni ina shanya huluna a rana.

"Malam, ka ga ƙafar Inna kuwa?"

"Yaushe na taɓa ganin ƙafar Inna?"

"To ni na gani. Ɗan yatsan ya yi baƙi ta gefe, kuma ya fara wari. Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba. Na ce to Allah ya yafe mani."

Na bar hulunan na tafi asibiti ni kaɗai da katin a aljihu. Na jira likitar ta sallami mutanenta, na faɗa mata. Ta ce maza a kawo ta. Na ce tana takaba. Ba ta yi mani faɗa ba, 'yar garin nan ce, ta san abin da kalmar ke ɗauke da shi. Ta tambaye ni ko wayar matata tana kiran bidiyo, na ce tana yi. Ta ba ni lambarta ta ce in na isa gida mu kira. Da muka kira, Gwaggo ta tare ƙofar ɗaki.

"Wa za a nuna wa mai takaba a cikin waya?"

"Likita ce, Gwaggo. Mace ce."

"Mace a nan gaba. Ka san wa ke tsaye bayanta?"

Sai muryar likita ta fito daga wayar: "Gwaggo, ina wuni, ya ƙarin haƙuri? Ba kowa bayana sai kwalabe. Ƙafa kawai zan duba, ku rufe sauran."

Gwaggo ta yi tsaki ta kauce. Hadiza ta shiga da wayar, ni ina waje bakin labule ina saurare. Na ji likita tana cewa a matsa wajen haske, a danna nan, a juya tafin, akwai zafi ko babu. Na ji Inna ta ce, ke 'yar nan har cikin ɗaki kika biyo ni, likita ta ce har cikin ɗaki, Inna, wa ya ba ki takalmin nan? Da aka miƙo mani wayar, wasan ya riga ya bar muryarta. Ta ce abin da ya fi shi ne a kawo ta, amma in ba za a kawo ta ba, akwai allurai da dole a fara ba jinkiri, kuma asibitin na da nas mai zagaya gidaje tana wanke ciwo. Ta ce in zo in karɓi takardar magani.

"Malam Lawal, yanzu yatsa ne. Kada a bari ya zama ƙafa."

Na dawo asibiti da murnata, ina ganin Allah ya kawo hanya, Inna ba ta fita ba, magani kuma ya zo mata. Na miƙa kati da takarda a taga. Mai tagar wani mutum ne mai furfura a gemu, wanda ya san ni ya san Inna, muna gaisawa duk wata. Ya yi mani ta'aziyyar Baba sosai, sannan ya duba na'urarsa ya ce ina mai katin.

"Tana gida, tana takaba. Likita ta gan ta."

"A ina ta gan ta?"

"A waya. Ga hannun likitar nan a takarda."

"Na ga hannun. Amma a tsarinmu ganin waya ba ya cikin abin da kati ke biya. Sai mai kati ta zo ta dangwala yatsa, sannan na'ura ta buɗe mata magani. In ba ta buɗe ba, ko nas ba za a tura ba."

"Ranka ya daɗe, ka san matar nan."

"Na san ta sarai. Na'urar ce ba ta san ta ba sai da yatsa. Ka yi haƙuri."

Na koma wajen likita, ta taso da kanta ta zo tagar, suka yi magana mai tsawo, ta fito ranta a ɓace. Ta ce ita ma ba a ƙidaya mata wannan ganin a matsayin aiki, kamar hira ta yi da ƙawarta. Ta kwatanta mani ofishin inshorar ta ce in gwada can. Na gwada. Na yi ta zarya har mai gadi ya fara ce mani ma'aikacinmu ya iso. Wanda nake nema ko ya fita taro, ko yana salla, ko bai iso ba. Ranar da na same shi ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, ba zan ce ya wulaƙanta ni ba. Ya ce maganata gaskiya ce, kuma ana kan tattauna yadda za a shigar da ganin likita ta waya cikin tsarin, an ma kafa kwamiti. Na ce to ko za a ɗauko na'urar a kai mata gida ta dangwala, ni zan ɗauki mai kaiwa a bayan babur. Ya ce na'ura ba ta fita daga asibiti. Na ce ita ma matar ba ta fita daga gida. Ya yi murmushi ya ce lallai Malam kana da magana, sannan ya ce in yi haƙuri.

Ku tsaya ku duba abin da ke ƙona mani rai har yau. A wannan shekarar babu abin da ba a yi ta waya. Mai kayan miya a bakin kasuwa, wanda bai taɓa shiga banki ba, yana karɓar kuɗin tattasai ta waya. Mai nama haka, mai ruwa haka. Gwamnati da kanta ta ce a daina riƙe takarda a koma waya. Waya ta isa ta ɗauki guminka ta kai wa wani ba ka gan shi ba, amma ba ta isa ta ɗauki idon likita ta kai kan ƙafar tsohuwa ba. Likitar da suka ɗauka aiki, suka yarda da ita ta yanka mutum ta ɗinke, ita ce ba su yarda da ita ba in ta ce na gani. Ba sadaka na je nema ba. Na biya, kuma ranar biya babu wanda ya ce sai Inna ta zo da ƙafarta.

Na sayi abin da ƙarfina ya kai a kemis, ƙwayoyi ne ba alluran ba, don alluran sun fi ƙarfin mai wankin hula a shekarar da ba mai kawo hula. Hadiza tana wanke ciwon da ruwan gishiri yadda likita ta koya mata a waya. Likitar kan kira da kanta, da katin wayarta, ta duba ta ce bai tsaya ba, yana hawa. An cire takalmin, amma Gwaggo ta sa aka riƙa shimfiɗa buhu duk inda Inna za ta taka. Da na ga haka na tafi wajen limamin unguwarmu bayan azahar. Bai ko buɗe littafi ba. Ya ce shari'a ta ba mai takaba damar fita don lalura, ciwo kuwa lalura ne, takabarta kuma ba ta ɓaci ba. Ya taso ya biyo ni har zaure ya faɗa da ƙarfi don a ji a ciki. Gwaggo ta amsa daga tsakar gida.

"Allah gafarta Malam, mun ji karatu. Amma a gidanmu ba a taɓa yi ba. Ni na yi takaba da haƙori yana ci na kamar in mutu, ban leƙa zaure ba."

"Hajiya, haƙori daban, wannan daban."

"Ɗan'uwana ya yi shekara hamsin yana ci da ita. Wata huɗu ne ya gagare ta?"

Wannan maganar ce ta kashe mu, don Inna ta ji ta. Na durƙusa bakin labule na roƙe ta ta yarda a kai ta asibiti. Sai ta yi magana da Hadiza, kamar yadda ta saba, alhali ni take nufi.

"Ki ce mashi ya bar wahalar da kansa. Malam bai taɓa saɓa mani ba yana raye, ba ni tahiya yawon gari yana kwance. Saura kaɗan in fita. Ƙafa ai ta jira."

Ƙafa ba ta jira ba. Wata safiya Hadiza ta fito ta ce jikin Inna ya yi zafi kamar garwashi, tana kiran sunan ƙawayenta da suka daɗe da mutuwa. Muka kira likita. Ta duba, ta ce a ba ni wayar, ta ce baƙin ya wuce idon sawu, kuma yanzu ba ƙafa muke magana ba, rai ne. Na ajiye wayar na fita na yi shatar mota, na sa direba ya kawo ta har bakin zaure. Rana tsaka ce, mutane na zaune a gindin bishiya suna kallo. Na yi sallama na ɗaga labulen da ban taɓa ɗagawa ba tunda na girma. Gwaggo ta miƙe ta riƙe mani riga.

"Lawal, in ka fitar da ita ka tozarta ubanka a kabari."

"Gwaggo, sakar mani riga."

"Kai da ake cewa mai haƙuri? Ashe munafuncin banza ne."

"Na yi haƙurin, Gwaggo. Na yi a taga, na yi a ofis, na yi a nan. Ga abin da ya haifa a kan gado."

Na sunkuya na ɗauki Inna. Ba ta da nauyi ko kaɗan. 'Yar wuƙar ta faɗi ƙasa, Hadiza ta yafa mata mayafi. Muna cikin zaure hankalinta ya dawo, ta ga hasken waje, ta gane inda za mu. Ta ƙanƙame wuyan rigata ta ce, Lawal, ka maida ni. Ranar ce kaɗai na ji sunana a bakinta. Ban maida ta ba.

A asibiti, kafin komai, sai da aka tura keken marasa lafiya zuwa tagar nan. Mai furfurar ya fito da kansa, ya kama hannun Inna tana rawar zazzaɓi, ya dangwala yatsanta a na'ura. Na'ura ta yi ƙara ta buɗe. Nan take komai ya samu: gado, ƙarin ruwa, alluran nan da na yi ta zarya a kansu, ga su a tire. Ya dube ni ya ce ka gani, da an kawo ta tun farko. Likitoci suka yi iya yinsu, suka ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Ni na sa hannu, da babban yatsa, don lokacin ban iya rubuta sunana ba tukuna. Kuma ku riƙe wannan: inshora ta biya aikin yankan. Ba gardama, ba zarya, ba kwamiti. Allurar da za ta tsare yatsa ce ba ta cikin tsari, amma wuƙar da za ta cire ƙafa tana ciki.

Inna ta ƙarasa takabarta a gadon asibiti da kuma ɗakinta. Liman ya sake zuwa ya faɗa mata cewa ta cika, babu abin da ya ragu. Ta ce ta gode. Amma Gwaggo ta riga ta kwashe kayanta tun ranar da muka fita, ta bi dangi gida gida tana cewa takaba ta ɓaci, kuma ranar fita takabar, da ya kamata mata su cika gida a yi wanka a yi sadaka, 'yan kaɗan ne suka zo. Inna ta zauna da sabon zane a kan tabarma tana kallon ƙofa har la'asar. Ba ta taɓa ce mani na yi laifi ba, ba ta kuma taɓa ce mani na kyauta ba. Gaisuwar safe ta koma lafiya lau daga bayan labule, sai dai ta fi da gajarta. Wata rana na ji tana ce wa Hadiza, in ta je can ba ta san da wane ido za ta dubi Malam ba. Da wannan a ranta ta rasu bara, ku kun gani.

Kwanakin baya ina goge hula na ji a rediyo ana hira da wani babba, yana cewa ana shirin faɗaɗa inshora ta haɗa da ganin likita ta waya, saboda mutanen karkara da tsofaffi da waɗanda hanya ta yi wa wuya. Mai tambaya ya ce yaushe, ya ce nan ba da jimawa ba. Allah ya sa a yi. Ina fata da zuciya ɗaya, don a garin nan kaɗai akwai mata masu takaba, da masu jego, da tsofaffin da ba mai ɗaukarsu, ban da na ƙauyukan da ake tsoron hanyarsu. Amma kada wanda ya zo ya ce mani sabon abu aka gano. Wayar tana nan a lokacin, likitar tana nan, maganin yana cikin kabad. Izini kawai aka hana.

In an sake nuna ku a gidan biki, ba na so ku yi faɗa da kowa, kuma ku ci gaba da gaida Gwaggo ko ba ta amsa ba. Amma ku sani ban yi nadama ba, kuma in yau aka maida ni bakin labulen nan zan sake ɗagawa. Waɗanda suka tsare ƙofar gida da waɗanda suka tsare taga duk sun kwana lafiya, kowa ya bi ƙa'idarsa, ba wanda aka ce ya yi laifi sai wanda ya ɗauke ta. Ga abin da ya tafi, don ku san shi daidai. Ƙafar Inna ta dama, daga ƙasan gwiwa. Tsayuwarta a salla, don ba ta ƙara yi ba sai a zaune. Gwaggo da 'ya'yanta duka, waɗanda ba su sake taka zaurenmu ba, ko ranar jana'izar Inna a waje suka tsaya. Da kuma natsuwar tsohuwa, wadda ta yi wa mijinta biyayya shekara hamsin, ta mutu tana ganin ta gaza masa a wata huɗun ƙarshe.